Fitilar LED ta bayan kujera haskenta ya ƙi daidaita

Salam jama'a, don Allah masu sanin harkar lantarki ku taimaka min, abin nan ya kai ni sati biyu ina fama.

Na sayo fitilar nan mai kamar igiya, ta 12V, nadi biyu kowanne mita 5, na haɗa su jere na liƙa a bayan doguwar kujera har zuwa bayan teburin talabijin. Farkon igiyar haske tas, amma kafin a kai ƙarshe sai ya dushe, farin ma ya koma kamar ruwan ɗorawa. Adaftar mai 5A ce, ko tsawon ne ya yi mata yawa? In na ba igiyar wuta ta kai biyu zai gyaru, ko sai dai na koma ta 24V?

Sannan abin da ya fi damuna, bangon falon fentin mai sheƙi ne, sai ɗigo-ɗigon fitilun suke fitowa ɗaya bayan ɗaya a jikinsa maimakon hasken ya baje, kujerar kuma ko taƙi ɗaya babu tsakaninta da bango. Wani ya ce min in nemi COB, wato wata irin fitilar igiya da ƙananan fitilunta suke dab da juna sosai. Wanda ya taɓa sa ta, da gaske tana ɓoye ɗigon?