Abin da masu bincike suka ce game da koyon nazarin ƙwayoyin halitta da kwamfuta

Tambayar da wasu masu bincike suka tattauna ita ce: mai binciken da ya saba da ɗakin gwaji, amma bai taɓa rubuta manhaja ba, ta ina zai fara?

Yawanci sun ce a fara da Linux, tsarin sarrafa kwamfuta da ake ba wa umarni a rubuce, tun kafin harsunan rubuta manhaja irin su Python ko R, domin fayilolin da injin karanta DNA ke fitarwa kan yi girman da kwamfutar hannu ba za ta iya ɗauka ba, sai a kan sabar, wato babbar kwamfutar da yawanci ke aiki da Linux. Wasu sun ƙi wannan, suka ce sabon shiga ya kama dandalin nazarin bayanai na Galaxy, inda ake aiki ta burauza ba tare da rubuta umarni ba. A ganina duka biyun na da gaskiya, amma wanda ya tsaya a Galaxy zai maƙale ranar da intanet ta yi rauni.

An fi jan hankali kan a koya da bayanan aikin mutum na kansa, ko waɗanda ya sauke daga GenBank, rumbun bayanan DNA na intanet, maimakon misalan kwas kawai. Ga neman darasi kyauta, an ambaci EMBL-EBI, cibiyar nazarin bayanan halittu da ke Ingila, da kwas ɗin gabatarwa da H3ABioNet, haɗakar masana wannan fanni na Afirka, ta gudanar a jami'o'in Afirka.

Wani ya yi gargaɗi kan Excel: yakan mayar da sunayen ƙwayoyin gado kamar MARCH1 su zama kwanan wata, har sai da aka sauya wa irin waɗannan suna a 2020. Ilimin ƙididdiga ma, in ji masu binciken, shi ne aka fi rainawa.