Layin ECG yana yin haƙoran zarto da zarar an tada janareta: wa ya taɓa gani?

Mai Gyara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani ƙaramin asibiti da nake duba wa na'urori. Idan da wuta, takardar ECG, wato awon bugun zuciya, fes take fitowa. Da an ɗauke an tada janareta sai layin ya yi kauri, ya fito da haƙora kamar zarto, alhali maɓallin tace hayaniyar wutar lantarki mai 50 Hz a kunne yake. Ku taimaka da abin da kuka gani da idonku.

Sista, Kawo:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kama inji da laifi, duba fatar majinyaci. Da hunturu mutanenmu kan shafe jiki da basilin, ilektirod, abin da ake mannawa a fata, ba ya kamawa. Akwai wani dattijo da na yi wa sau uku ba ta karantu ba. Na goge masa da auduga da sifirit, na sake manna na ƙafar dama, layi ya kwanta luf. Wata rana kuma cajar wayar mai jinya ce a soket ɗin kan gado.

Injiniya, Kakuri:
Sista ta yi gaskiya, amma naka da janareta yake tafiya. Abin da zuciya ke aikowa fata wajen milibolt 1 ne kawai, ga bolt 230 na yawo a bango yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Takarda na tafiya milimita 25 a daƙiƙa, shi ya sa za ka ƙirga haƙori biyu a kowace milimita. Matatar cikin injin a 50 cif aka kafa ta, ba ta motsi. Babban janareta kuwa sai ya yi juyi 1500 a minti yake ba da 50. Ka ɗora masa firiji da injin ruwa, ya sauka 1440, ka koma 48. Matatar na gadin ƙofar gaba, ɓarawo ya shigo ta taga.

Ɗalibi, Unguwar Rimi:
Ranka ya daɗe Injiniya, a kan wannan na yi aikin kammala karatuna. Matatar hayaniya mai bin sawu na haɗa. Ana ɗebo samfurin wutar ta ƙaramar taransifoma, a raba shi gida biyu da tazarar digiri 90, kwamfuta ta riƙa gyara ma'auni biyu har abin da take ƙerawa ya yi daidai da hayaniyar, sai ta debe shi. Janareta ya sauka, ta bi shi. Wannan lissafin gyaran ma'auni shi ake kira LMS, na Bernard Widrow da Ted Hoff, 1960, a Jami'ar Stanford. A 1975 Widrow da abokan aikinsa suka nuna shi a kan ECG, sai dai tasu wutar Amurka ce mai 60 Hz.

Inda na sha wuya shi ne girman taku, wato yawan gyaran da take yi a kowane zagaye. Na ƙara shi, sai matatar ta fara gutsurar tsinin QRS, dogon tsinin kowane bugu, tana barin jela a bayansa. Na rage, aka sauya layi zuwa janareta, na zauna ina kallonta tana jan ƙafa kafin ta kamo. Da na'urar kwaikwayon bugun zuciya na gwada fa, ban taɓa jona wa mutum ba.

Likita, Barnawa:
Wannan jelar ita ce damuwata, ƙanena. Daidai nan nake duba sashen ST, layin da ke bin bayan tsinin, idan ina zargin toshewar jijiyar zuciya. Ni dai a buga min takarda ɗaya matatar a kashe, ko da haƙoran ne.

Hajiya Nas, Rigasa:
Namu na hannu aka sayo daga Amurka. Mun daɗe muna fama, ashe a 60 aka bar saitinsa.

Mai Gyara, Tudun Wada:
Allah Ya saka da alheri. Na koma da mita yau: 48 da ɗigo kaɗan, Injiniya ka canka. Wayar ƙasa ta soket ɗin ma a tsinke na same ta. Na zare fulogi muka ɗauka da batirin injin, takarda ta fito tas. Ɗalibi, ranar Asabar zan shigo Unguwar Rimi, ka ajiye min allon naka in gani.