Ɗan takara ya gudu daga muhawara, a zaunar da AI a kujerarsa?

Baban Ummi: Jama'a ku ji wannan, a zaɓen 2024 a jihar Virginia ta Amurka wani ɗan takarar indifenda Bentley Hensel ya nemi ɗan majalisa Don Beyer ya sake fitowa su yi muhawara mutumin ya ƙi, shi kuwa dama harkar kwamfuta ce sana'arsa sai ya kwaso sanarwowin Beyer da abin da ke shafinsa ya ɗura wa AI, wato ƙirƙirarriyar basirar na'ura, ya raɗa masa suna DonBot, suka gwabza a intanet. Ni dai na ce wannan ne maganin namu. Duk wanda ya arce a ajiye na'ura ta amsa a madadinsa, shi ke nan.

Malam na Firamare: Alhaji ban yarda ba fa. Muhawara ai ba karanta takardar kamfen ba ce, so muke mu ga mutum an matse shi da tambaya yana share gumi yana in'ina. Na'ura ba ta jin kunya, gobe kuma ba za ka tare ta ka ce jiya kin yi mana alkawarin borehol ba.

Baban Ummi: To Malam 2019 fa? Janairu a Abuja, muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa, Buhari bai zo ba, Atiku ya zo har wurin da ya ga babu shi ya juya, aka bar Moghalu da Oby Ezekwesili da Fela Durotoye suna magana da wurin tsayawa guda biyu babu kowa. A rashin uwa ai akan yi uwar ɗaki.

Maman Khalifa: Hmm uwar ɗakin da wa ya raine ta? Wanda ya haɗa DonBot ɗin nan abokin hamayyar mutumin ne fa. Ka ce kishiya ta je gidanku ta faɗa wa iyayenka ra'ayin uwargida 😂

Ɗan Kwari: Hajiya kin gama magana wallahi

Baban Ummi: Ai maganganunsa ne na kansa aka saka mata, ba ƙage ba

Injiniya: Kawu ba haka abin yake aiki ba, ba rikoda ba ce. Kalma take hasashe bayan kalma, in an tambaye ta abin da mutumin bai taɓa magana a kai ba tana iya ƙirƙiro amsa da ƙarfin hali kamar ta ji daga bakinsa, sannan akwai umarnin da masu ita suke rubuta mata a ɓoye wanda kai ba ka gani. Ka tuna Grok, AI ɗin Elon Musk, a watan Mayun 2025, a tambaye shi wani abu daban sai ya ɓige da zancen wai ana kisan ƙare dangi wa fararen fata a Afirka ta Kudu, kamfanin xAI mai shi da kansa ya ce wani ne ya taɓa umarnin ba da izini ba. DeepSeek, AI ɗin Chaina, kuma tambaye shi murƙushe zanga-zangar dandalin Tiananmen a 1989 ka ga yadda yake zillewa.

Ɗan Kwari: Ni na gwada a shago ranar da kasuwa ta yi sanyi, na rubuta wa ɗaya daga cikinsu me ya sa cire tallafin mai alheri ne ta jero min dalilai tsaf, yaron shagona ya karɓi wayar ya rubuta me ya sa cire tallafin zalunci ne nan ma ta jero masa, muka tsaya muna kallon juna. Sojan baka ne kawai wanda ba ya karɓar kuɗi a gidan rediyo.

Malam na Firamare: Wannan kam ni ban ga laifinsa ba, in ɗalibi yana son ya ji hujjar kowane ɓangare ta yi amfani. Inda na tsaya shi ne a liƙa mata sunan mutum.

Baban Ummi: To Imran Khan tsohon firaministan Pakistan fa, yana gidan yari a Pakistan a Disamban 2023 jam'iyyarsa ta PTI ta yi jawabi da muryarsa ta AI, miliyoyi suka saurara

Injiniya: Wannan shi ya aiko da rubutun ta hannun lauyoyinsa, murya kawai aka ara. Da yardarsa. Na Virginia ba da yardar mai sunan ba

Maman Khalifa: Su kansu Turawan ba su saya ba, a Brighton ta Ingila an tsayar da wani ɗan takarar na'ura mai suna AI Steve a zaɓen Yulin 2024, ƙuri'a 179 ya samu, ko kansila a unguwarmu ya fi haka

Baban Ummi: To na ji, amma a rubuta ɓaro-ɓaro a fuskar talbijin cewa na'ura ce, kuma masu shirya muhawarar su haɗa ta ba abokin takara ba

Malam na Firamare: Alhaji in ka buɗe wannan ƙofar su da kansu za su daina zuwa, kowa ya turo tasa na'urar yana gida ya miƙe ƙafa.

Ɗan Kwari: Sai mu ma mu tura namu su yi musu tafi 😂 ni na tafi, kwastoma ta shigo