Bargo ya gaza rufe gefen katifa, wane awo zan bi?

Assalamu alaikum. Katifata faɗinta inci 60, tsawo 80, kauri 14. Na sa an ɗinka mini bargo irin mai auduga a tsakiya, faɗi 88, tsawo 92. Wankin farko da ruwan sanyi ya tsuke, faɗin ya koma 84. Yanzu gefen katifa a waje yake dama da hagu, da dare kuwa mutum ɗaya ya juya, ɗayan ya kwana a buɗe.

Na shimfiɗa shi a karkace, ƙafa ta fito. Na aro mai faɗin 108, shi kuma jan ƙasa yake yana kwasar ƙura. Abin ya ishe ni.

Don Allah masu ɗinki, inci nawa zan sa a yanka faɗin sabo, yadda ko ya tsuke bayan wanki zai rufe katifar ba tare da ya taɓa ƙasa ba?