Sura uku nake karantawa kullum, amma kafin hantsi na manta

Tela daga Tawa:
Salama gare ku ƴan'uwa cikin Ubangiji. Ni tela ce a nan Tawa, ɗiyana uku. Tun Janairu na ɗauki tsarin karanta sura uku a rana, biyar ran Lahadi, don in sauke Littafi Mai Tsarki cikin shekara. Kiran sallar asuba na masallacin unguwarmu ne agogona: in kunna tocila in karanta kafin yara su farka. Yanzu ina cikin Littafin Ƙidaya, kuma gaskiya ido ne kawai ke bin layi, hankali yana can wajen ɗinkin biki da ban gama ba. Jiya babbar ɗiyata ta ce, "Inna, me kika karanta yau?" Na yi tsuru-tsuru. Fasto yana yawan cewa mu yi bimbini a kan Maganar Allah. Ina bambancinsa da karatu? Wata ta ce mini rufe ido ne ka kwashe komai daga kanka, abin bai kwanta mini ba.

Tsohon malamin lakwal:
Ɗiyata, wadda ta gaya miki haka wani abu daban take nufi. Namu bimbinin cika zuciya ne da abin da Allah ya faɗa. Duba Yoshuwa 1:8: umarnin shi ne kada littafin ya rabu da baki, dare da rana. Baki fa! Kalmar Ibrananci da ke wurin, da kuma a Zabura 1:2, tana nufin maimaita magana ƙasa-ƙasa, kamar almajiri da allonsa. Kin ga akuya in ta dawo kiwo ta kwanta a inuwa tana tuƙa? To, ke kiwo kike ta yi, tuƙar ce babu. Ɗauki aya guda, ki yini da ita a baki. Kuma kafin ki ce "me zan samu a ciki?", fara da "me wannan ayar ta nuna mini game da Allah?" Ni sai da na yi furfura na gane wannan.

Ɗan Katolika a Yamai:
Baba ya gama magana. Mu muna ce masa lectio divina. Wani sufin Kirista mai suna Guigo ya tsara shi hawa huɗu a ƙarni na 12: karatu, bimbini, addu'a, sannan ka yi shiru gaban Allah. Minti 15 ya ishe ni.

Mai kabu-kabu:
Baba, a gafarce ni, ni dai ina tsoron aya guda ɗin nan. Haka mutane ke tsinko Irmiya 29:11, inda Allah ya ce yana da shirin alheri dominku, su liƙa a mota, sun manta wasiƙa ce ga bayi a Babila da aka ce za su yi shekara 70 a can. Yaya, kada ki bar surorinki. Karanta su, sannan ki zaɓi ayar daga ciki.

Tela daga Tawa:
Na gode muku duka. Na koma baya na ɗauko Ƙidaya 6:24-26, albarkar nan mai cewa "Ubangiji ya sa maka albarka, ya kiyaye ka" da na wuce a guje makon jiya. Na rubuta a bayan kwalin zare na jingina kan keken ɗinki. Sai wajen la'asar na lura sau uku aka ambaci Ubangiji, kuma duk aikin shi ke yi, ni ba a ce in yi komai ba. Baba, gobe in sake wata, ko in zauna a kan wannan har Lahadi?