Ana so a haɗe bohol ɗin layukanmu uku ƙarƙashin kwamiti ɗaya, mu yarda ko kuwa?

Ɗan Tudun Jukun:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. A unguwarmu muna da bohol na haɗaka guda uku, kowane layi da nasa da kwamitinsa da mai karɓar kuɗin wata. Namu na sola ne, mu muka yi karo-karo kusan shekara biyu kafin muka kafa farantan, na layin baya da janareta suke tayar da shi, na ukun kuma samo ɗinsu, wato injin da ke jawo ruwa daga cikin bohol, ya ƙone tun kafin azumi, yanzu wajen 'yan garuwa suke sayen ruwa. To sai aka kawo maganar a haɗe su, asusu ɗaya kwamiti ɗaya, a ja fayif a sada tankunan. Mai unguwa ya kira zama ranar Asabar bayan la'asar. Ni wallahi ba na son maƙwabtana su kwana ba ruwa, amma ina tsoron kuɗinmu ya tashi kuma ruwan ya ragu, kuma in ya ɗauke wa zan kama? Yanzu mai kula da namu ƙofarsa na kallon tawa. Waɗanda suka san abin ku taimaka.

Injiniyan Samaru:

Wa alaikumus salam Malam. Ni dai ina bayan haɗewa amma da sharaɗi. Harkar ruwa tsadarta a kayan aiki take, samo da tanki da fayif da mai gyara, ko gida ashirin ke sha ko gida ɗari kusan kuɗin ɗaya ne, shi ya sa ƙaramin bohol da zarar samo ya ƙone shikenan an tsaya. In asusu ɗaya ne ana iya ajiye samo na ko-ta-kwana, a riƙe filamba ɗaya da ya san layin. Ko aikin ruwan Zariya ai a kan wannan lissafin aka gina shi, dam ɗin Galma yana can Kuzuntu a ƙaramar hukumar Kubau, matatar da aka buɗe a 2017 an yi ta ne don lita miliyan 150 a rana, fayif da tankunan aikin kuwa da rancen Bankin Raya Afirka da Bankin Musulunci aka yi su, kuma ba Zariya da Sabon Gari kaɗai aka nufa ba har da irin su Giwa da Soba da Kudan da Makarfi. Babu ƙaramar hukumar da za ta iya wannan ita kaɗai.

Sharaɗina shi ne kar a sada fayif sai an gwada ƙarfin kowane bohol. A kunna samo na tsawon awanni a ga lita nawa yake bayarwa, ruwan yana sauka da sauri ko yana riƙewa, kuma a yi gwajin nan da rani, Maris ko Afrilu, ba da damina ba. Ƙasar Zariya dutse ne a ƙasa, bohol biyu a unguwa ɗaya wani ya yi ta ambaliya wani kuma da kyar. Sola ɗinku ma an auna shi ne da yawan gidajenku, in aka ɗora masa layi uku sai an ƙara faranti.

Maman Yara:

Injiniya ka yi magana amma akwai abin da ku maza ba kwa gani saboda ba ku ne ke tsaye bakin famfo ba. Mu an yi mana irin wannan a inda muka taso, da ana sakin ruwa da asuba da kuma yamma, bayan haɗewa sai aka koma rabo, yau wannan layi gobe wancan, mu da muke ƙarshen fayif kafin ya iso gare mu ya zama zirara, sai ka kai sha ɗaya na dare kana tarar bokiti biyu ga yara za su makaranta da safe. Kuɗin kuma daidai muke biya da na kusa da tanki. Da in an samu matsala aika yaro kake yi a kira mai kula, bayan nan kuwa sai a ce a jira zaman kwamiti. Don Allah Malam ka ce a sa mata a kwamitin ko guda biyu ne, kuma a rubuta awannin kowane layi a manna a jikin tanki kowa ya gani.

Malamin Gyallesu:

Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Bari in ƙara da abin da ya faru a ƙasashen waje don tambayar ɗaya ce ko da girman ya bambanta. A Ingila da Wales an tattara ƙananan hukumomin ruwa barkatai aka mayar da su manya guda 10 a 1974, sai a 1989 lokacin Margaret Thatcher aka sayar da su ga 'yan kasuwa, yau kamfanin Thames Water da ke ba Landan ruwa yana fama da bashin biliyoyin fam, kuma mai shan ruwa ba shi da wani famfon da zai koma. Sukotland kuwa a 2002 suka haɗe nasu uku suka zama Scottish Water amma suka bar shi a hannun gwamnati, daga baya aka daidaita farashi a faɗin ƙasar. Ka ga haɗewa daban, wa ya mallaka bayan an haɗe daban.

Kuma ka shirya ma wannan, duk inda aka daidaita farashi mai biyan kaɗan ne nasa ke hawa. Ku masu sola ku ne masu araha, masu janareta suna ƙona fetur, don haka naku zai ɗan tashi, kar wani ya ce maka a'a. A ganina ba laifi ba ne, haƙƙin maƙwabtaka ne, amma a faɗa a fili tun farko. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a shigo da tsohon bashi cikin sabon asusu ba tare da an karanta shi gaban jama'a ba, ko kuma gobe kwamiti ya ɗauki bohol ɗin ya ba wani haya ya koma sayar wa masu kura. A rubuta cewa farantan nan na layinku ne, in haɗin bai yi ba kowa ya ɗauki nasa, mai unguwa da liman su sa hannu.

Ɗan Tudun Jukun:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya maganar mata a kwamiti wallahi ban taɓa kawo ta a raina ba, na faɗa wa maiɗakina ta ce za ta yi wa matan layi magana gobe a islamiyya. Abin da zan kai zaman shi ne a fara haɗa hannu a saya wa layi na uku samo yanzu tunda su ne a matse, a haɗa asusun gyara kawai na wata shida mu gani, sada fayif kuma sai an yi gwajin rani. Injiniya don Allah gwajin nan awa nawa ake barin samo yana aiki, kuma dole sai masu haƙar bohol ne za su yi ko filamba ma zai iya?