Juma'ar da Kwaɗo ke Ƙofar Masallaci

Baba Ladan, Kubwa:

Ƙarshen Maris, 2020, aka ce a kulle Abuja saboda korona,
Ni ladan ne, shekara talatin ban yi fashin kira ba.
Juma'a ta zo, na tarar da kwaɗo a bakin ƙofa,
Babu sahu, babu huɗuba, tabarmi sun sha ƙura.
Azumi ya kama, tarawihi a ɗaka, tafsiri a waya,
Na yi kuka, 'ya'yana, ba zan ɓoye muku ba.
Sashe na 38 a tsarin mulki ya ba ni 'yancin ibada,
To wa ya isa ya shiga tsakanin bawa da Mai Sama?

Malama, Garki:

Baba, na ga hawayenka, wallahi ban raina ba,
Amma sashe na 45 na nan, ka ɗan ƙara gaba:
Don lafiyar jama'a doka na iya taƙaitawa.
Mu ajiye takarda ma, mu koma ga magabata.
Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya ji annoba ta sauka,
Ya juya da tawagarsa, aka ce gudun ƙaddara?
Ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddararSa.
Ibn Abbas, ran Juma'a, saboda ruwa da laka,
Ya sa ladaninsa shelar kowa ya yi salla a gida.
In laka ta zama uzuri, Baba,
Ina ga cutar da ke shaƙe ƙirjin dattawa?

Ɗan Nyanya:

Yaya, hujjarki ta zauna, ban ja da ita ba,
Ka'aba ma mun gan ta fayau, ba mai ɗawafi a kewayenta.
Maƙwabtana Kirista a ɗaki suka yi Ista.
Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne, Malama:
Kasuwa an ba ta ranaku, ana gugar juna,
Masallaci kuwa ko rabin sa'a ba a yarda ba.
A maƙabartar Gudu, cikin Afrilu, wurin jana'izar Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa,
Jama'a cunkus, sai daga baya aka ba da haƙuri.
In doka ce, ta hau kan kowa,
Talaka ba zai bi abin da manya suka taka ba.

Baba Ladan, Kubwa:

'Yata, kin ɗaure ni da Umar, na sauko,
Ɗana, kai kuma ka taɓa inda ciwon yake.
Da Yuni ya kama aka cire kwaɗo, na share,
Liman mai cewa a haɗa kafaɗa, ya ce a ware.
Na duba sahun gaba, dama da mumbari,
Wurin aminina, tsohon da ke riga ni zuwa asuba.
Tari ya ɗauke shi cikin azumi, mu bakwai muka sallace shi.
Na tada iƙama, muryata na rawa, ban cike gurbinsa ba.